Wata Shida A Gidan Kara: Abin Da Na Gani A Ƙauyen Nebraska

Mai karatu, ranar da wani abokin aikina Ba'amurke ya shaida mini cewa ya samo mini masauki a gidan da aka gina da karan alkama, sai da na yi jim, ina tunanin ko raha yake yi mini, ko kuwa ya ga mutumin Afirka ne ya ɗauka bukka ce ta dace da ni. A ƙarshen shekarar 2018 ne, na je wata jami'a a jihar Nebraska ta Amurka domin hutun bincike, kuɗin haya a cikin gari kuma ya fi ƙarfin ɗan alawus ɗin da ke hannuna. Gidan na wasu dattawa ne, miji da mata, malaman makaranta da suka yi ritaya suka koma gona, tafiyar kusan awa guda a mota daga jami'ar. Suna da ɗakin da babu kowa a ciki tun da 'ya'yansu suka girma suka watse. Kunya ce ta hana ni in ƙi, amma na ƙudurta a raina cewa mako biyu zan yi, in nemi uzuri in tattara kayana. Da Allah Ya tashi ikonSa, wata shida cur na yi a gidan nan, ranar tafiya kuwa da ƙyar na rabu da shi.

Abin da ya sa na ɗauko wannan zance shi ne wata magana da mahaifiyata ta faɗa mini a bazarar da ta wuce, wadda zan kawo a ƙarshe. Kafin nan bari in ba da labarin gidan, da asalinsa, da irin zaman da ake yi a cikinsa, tunda masu iya magana sun ce gani ya kori ji.

Sunan abin tukuna

Kasancewata ɗalibin harshe, ba na jin daɗin magana a kan abu sai na san da wane suna zan kira shi. Idan Bahaushe ya ji an ce kara, na dawa ko na gero ne zai faɗo masa a rai, irin wanda ake danga da shi. Wanda nake nufi a nan siriri ne, na alkama ko shinkafa ko sha'ir, abin da ke saura bayan an cire ƙwaya, irin wanda manoman shinkafa a wajenmu ke kira tattaka. Ya bambanta da ingirici, wato ciyawar da ake yanka da ɗanyenta a shanya domin dabbobi. Ingirici abinci ne, yana da ganye da 'ya'ya, don haka yana jan ƙwari da ɓera, yana kuma saurin ruɓewa. Karan alkama kuwa busasshen bututu ne kawai, ba shi da wani abin kirki da zai ciyar da ƙwaro.

Akwai inji da ke bin gona bayan girbi yana tsince wannan kara, ya danne shi da ƙarfi, ya ɗaure da igiya biyu ko uku, ya jefar da shi a matsayin curi mai kusurwa huɗu. Mai igiya biyu tsawonsa kusan mita ɗaya ne, faɗinsa kimanin santimita 45, tsayinsa kimanin santimita 35, kuma mutum ɗaya na iya ɗagawa. Ba dami ba ne, domin dami sako-sako yake. Na zaɓi in kira shi bulon kara, tunda aikin bulo yake yi. Tsintsiya maɗaurinki ɗaya: zare ɗaya na karan nan yaro zai karya shi da yatsa biyu, amma in inji ya haɗa dubbai ya matse, ƙato zai hau ya yi tsalle bai lotsa ba.

Gidan da na tarar

Da muka isa, babu abin da ya nuna mini kara. Gida ne mai hawa ɗaya, mai launin ƙasa, rufinsa ya zarce bango da kusan mita guda ta kowane ɓangare. Abin da ya fara ɗaukar hankalina shi ne kaurin bangon, wanda ya kai rabin mita, har bakin taga ya zama wurin zama da aka shimfiɗa wa kilishi. Kusurwoyin ba su da kaifi, bangon kuma yana da ɗan tudu da kwari irin na aikin hannu. Wallahi sai na ji kamar na shiga zauren kakana.

Maigidan ya lura ina shafa bango, sai ya ja ni falo ya buɗe wata 'yar ƙofa da ba ta fi tafin hannu biyu ba. A bayanta gilashi ne, a bayan gilashin kuma ga karan alkama nan jawur, kamar jiya aka girbe shi. Ya ce al'adar masu irin wannan gini ce su bar wuri ɗaya ba yaɓe, suna kiransa tagar gaskiya, saboda baƙi irina da ba sa yarda sai sun gani. Shi da matarsa suka gina gidan shekaru 20 kafin zuwana, da bulon kara sama da 300 da suka saya a gonar maƙwabci. Bangon kuwa a kwana biyu aka tayar da shi, domin abokai da maƙwabta ne suka taru, aka dafa abinci, kowa ya sa hannu. Na ce masa ai wannan a wajenmu sunansa gayya.

Yadda ake ginin ba shi da wuyar fahimta ga duk wanda ya taɓa ganin ana jera tubali. Ana yin harsashi na kankare ko dutse a ɗaga shi sama da ƙasa, a shimfiɗa katako a kai, sannan a jera bulon karan sahu-sahu, kowane ɗaya ya hau kan mahaɗar biyu na ƙasansa. A kan sahu na ƙarshe ana ɗora katako mai ƙarfi, a ɗaure shi da harsashi da madauri, a yi ta ja har bangon ya danne. Daga nan a aske gashin karan, a toshe ramuka, a yi yaɓe sau uku ciki da waje. Hanyoyi biyu ne: ko dai bangon karan ya ɗauki nauyin rufi da kansa, wanda a duniya ake kira salon Nebraska, ko kuma a kafa ginshiƙan katako su ɗauki rufin, kara ya cike tsakani. Gidan masu masaukina irin na farko ne.

Talauci ne ya haife shi

Wata Asabar dattijon ya ɗauke ni muka nufi yamma, zuwa yankin da ake kira Sandhills, wato tuddan yashi. Yanki ne da ya cinye kusan kashi ɗaya cikin huɗu na jihar, tuddai ne na rairayi da ciyawa ta lulluɓe, sai ka yi tafiyar awa ba ka ga bishiya ba sai shanu. Ƙasar asalinta ta 'yan asalin Amurka ce, irin su Pawnee da Lakota, kafin a raba su da ita. Dokar raba filaye ta 1862 ta ba duk magidancin da ya yarda ya zauna eka 160, da aka ga hakan ba ya riƙe iyali a wannan yashi sai dokar Kinkaid ta 1904 ta ƙara zuwa eka 640.

Waɗanda suka zo sun tarar babu itace, babu dutse. A sauran sassan jihar mutane kan yanko ƙasa haɗe da saiwar ciyawa su jera su yi bango, amma a nan ƙasar yashi ce, da an ɗaga ta sai ta wargaje. Abu ɗaya ne ke da yawa, ciyawa, ga shi kuma injin matse ciyawa da dawakai ke juyawa ya fara yaɗuwa. Gini na farko da tarihi ya riƙe shi ne wata makaranta mai aji ɗaya da aka yi a 1896 ko 1897. Ba a yaɓe ta ba, ba a kuma kewaye ta ba, sai ga rahoto a 1902 cewa shanu sun cinye ta. Na yi dariya har da hawaye da na ji wannan, amma a nan ne maginan suka koyi darasinsu na farko, cewa kara ba ya zama bango sai da yaɓe. An ƙiyasta cewa tsakanin 1896 da 1945 an yi gine-gine kimanin 70 na irin wannan a yankin. Da yawansu an yi su ne da niyyar a fake kafin a sami kuɗin katako, sai masu su suka ga ɗumi da sanyin da suke samu, suka yaɓe suka ci gaba da zama.

Mun tsaya a wani ɗan gari mai suna Arthur, hedikwatar wata gunduma da duk mutanenta ba su kai 500 ba. A can akwai wata coci da aka gina a 1928 da karan wani hatsi ɗan'uwan alkama, kaurin bangonta kusan ƙafa biyu, an kuma sa ta cikin kundin wuraren tarihi na Amurka a 1979. Na zagaya ta ina ƙwanƙwasa bango. A lokacin shekararta 90, ta sha dusar ƙanƙara da guguwa, tana nan tsaye.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da siminti da katako suka wadata, sai aka watsar da ginin kara, ya zama abin kunya, alamar cewa iyayenka ba su da shi. Wanda ya tono shi daga kabari wani masanin al'adun gargajiya ne ɗan jihar, Roger Welsch, da rubuce-rubucensa na farkon shekarun 1970. Wannan ya faranta mini rai, ganin cewa mutumin da sana'arsa tattara tatsuniyoyi da maganganun tsofaffi ce, ba injiniya ba, shi ne ya fara nuna wa duniya darajar abin.

Ɗari, wuta da ruwa

A ƙarshen Janairun 2019 wani sanyi ya sauko da ban taɓa jin irinsa ba, ma'auni ya wuce digiri 20 ƙasa da sifili. In ka fita waje gashin hancinka sai ya daskare. A cikin gidan kuwa murhun ƙarfe ɗaya ne na itace a falo. Uwargidan kan cika shi da daddare, da asuba in na tashi alwala sai in tarar wutar ta mutu amma ɗakin da sauran ɗuminsa. Sirrin yana cikin iskar da ke kulle a bututun kowane kara da kuma tsakaninsu, domin iskar da ba ta motsi ba ta barin zafi ya ratsa da sauri. Ka ga ke nan bangon ba ya ƙirƙirar ɗumi, riƙe wanda ke ciki yake yi, kamar yadda kula ke riƙe zafin tuwo ko sanyin ƙanƙara. Ga kuma shiru. Iska na kaɗawa a waje kamar za ta tsige bishiya, kai kana ciki kana jin motsin agogo.

Tambayar farko da kowa ke yi ita ce ta gobara, ni ma ita na yi, tunda mu a Hausa in ana son a kwatanta abin da ke ci bal-bal ya mutu nan take sai a ce wutar kara. Amsar ita ce sakakken kara ne ke ci haka. Wanda aka matse aka rufe da yaɓe ba shi da isasshiyar iskar da wuta za ta sha. A 2006 an gwada wannan a wani ɗakin gwaji a jihar Texas, inda bangon kara mai yaɓen ƙasa ya jure wutar tanderu na awa ɗaya, mai yaɓen siminti da farar ƙasa kuma ya jure awa biyu. Haɗarin na gaske yana lokacin gini ne, sa'ad da sakakken kara ke warwatse ko'ina ba a yi yaɓe ba.

Babban abokin gaba shi ne ruwa. Muddin damshin da ke cikin karan bai kai kashi 20 cikin 100 ba, zai shekara aru-aru. In ya wuce haka ya daɗe, sai fumfuna da ruɓa. Shi ya sa maginan ke cewa gidan kara sai da babbar hula da dogon takalmi, wato rufi mai faɗin baki da harsashi mai tsayi. Shi ya sa kuma suka fi son yaɓen ƙasa ko na farar ƙasa a kan zallar siminti, domin waɗannan na barin gumin bango ya fita, siminti kuwa in ya tsage ruwa ya shiga, da wuya ya bar shi ya fito.

Na ga wannan da idona. A watan Maris na 2019, lokacin da dusar ƙanƙara ta narke gaba ɗaya ga ruwan sama, har ambaliya ta yi wa jihar mummunar ɓarna, dattijon ya zagaya gida da wani tsinke mai auna damshi yana soka shi a wasu 'yan ramuka da ya tanada. A ƙarƙashin tagar ɗakina alƙalamin ya haura. Ashe wata 'yar tsaga ce a bakin tagar, wadda ba ta kai kaurin farce ba, ruwa ke bi. Da muka fasa yaɓen sai ga kara ya yi baƙi yana wari, gwargwadon faɗin faifai. Muka ƙwaƙule ruɓaɓɓen, muka bari ya sha iska, muka cusa sabo, muka kwaɓa ƙasa da yashi da yankakken kara muka mayar. Ina kwaɓawa da ƙafa sai uwargidan ta ce, "Farfesa, a ina ka koyi wannan?" Na ce mata ban kai Farfesa ba tukuna, amma wannan aikin tun ina ɗan shekara bakwai nake yinsa, duk kafin damina, a gidan mahaifina. Sai ta ce, "To gidan yana nan?" Ban iya ba ta amsa ba.

Zaman karkara ba hutu ba ne

Kada mai karatu ya ɗauka aljannar duniya nake kwatantawa. Zama a gona mai nisa da gari yana da nasa haraji. Ruwan gidan daga rijiyar burtsatse yake, in wutar lantarki ta ɗauke famfo ya tsaya. Masai na da nasa rami da ake kiran mota ta kwashe. Itacen da za a ƙona a ɗari tun bazara ake faskarawa a jera. In dusar ƙanƙara ta toshe hanya, maigida mai shekara 70 da ɗoriya shi zai hau tarakta ya share kafin kowa ya fita. Kanti mafi kusa tafiyar minti 25 ce, saboda haka wanda ya manta gishiri sai dai ya ci lami. 'Yan kwana-kwanan yankin manoma ne 'yan sa-kai. Kaji kuwa sai an kulle su kafin magariba saboda wani irin dila da ke kuka da daddare.

Abin da ya fi damuna shi ne kaɗaici. Ƙauye a wajenmu cincirindo ne, katangarka jikin ta maƙwabcinka, kukan jaririnsa a kunnenka. A can kowa na tsakiyar gonarsa, fitilar maƙwabci sai dai ka hango ta kamar tauraro. Wata shida ban ji kiran salla ba sai a waya, Juma'a kuwa sai na shiga gari. Su kansu dattawan sun faɗa mini cewa damuwarsu ita ce ranar da ƙarfi zai ƙare, domin gidan yana son mai kula, 'ya'yansu kuma suna birane. Sun kuma ba ni labarin wahalar da suka sha a farko: banki ya ƙi ba su bashi, kamfanonin inshora suka yi ta jan ƙafa, ma'aikacin da ke ba da izinin gini kuwa da ya ji kalmar kara sai ya kawo musu zancen tatsuniyar 'yan aladu uku, wadda kowane yaron Bature ya sani, inda kerkeci ya hure gidan kara da numfashi ɗaya. Tatsuniyar yara ce, amma ta fi rahoton injiniya tasiri a kwanyar babban mutum.

Yadda suna ya sauya

To me ya mayar da abin kunya abin alfahari? Karan dai shi ne na jiya. Abin da aka yi shi ne an gwada, an rubuta, an shigar cikin doka. A 1991 jihar Kaliforniya ta kafa dokar rage ƙona tattakar shinkafa a kwarin Sacramento saboda hayaƙi, manoma suka shiga neman inda za su kai ta, a 1995 kuma jihar ta fitar da ƙa'idojin gini da ita. A 1994 Athena da Bill Steen da abokan aikinsu suka wallafa littafin da ya yaɗa fasahar a duniya. A 2015 aka sa babi na musamman kan ginin kara a kundin ƙa'idojin gina gidajen zama da yawancin jihohin Amurka ke dogaro da shi. Faransa, wadda ke da gidan kara tun na 1920 a garin Montargis wanda injiniya Émile Feuillette ya gina, ta amince da nata ƙa'idojin a 2012, har an kai ga gina makarantu da shi. A arewa maso gabashin ƙasar Sin ƙungiyar agaji ta ADRA ta gina gidaje sama da 600 na kara, aikin da ya ci lambar yabo ta duniya kan samar da muhalli a 2005. A Pakistan ma an gina irinsu bayan girgizar ƙasar 2005, saboda bangon kara yana lanƙwasa ya dawo, ba ya rubzowa kan mutane kamar dutse.

A nan ne sana'ata ta shigo. Kalma tana ɗauke da hukunci tun kafin a saurari shaida. Mu duba yadda muke amfani da ƙauye: daga gare ta muka fitar da baƙauye da ƙauyanci, dukansu zagi ne. In an ce wane gidan ƙasa yake zaune, an gama bayanin aljihunsa. In an ce ya yi rufin kwano, ya zuba bulo, to ya ci gaba. Ba mu kaɗai ba ne, domin kalmar da Turawan Ingila ke kiran mugun cikin labari da ita ma asalinta tana nufin talakan da ke aikin gona. Bambancin shi ne wasu sun koma sun auna abin da suka raina da ma'auni, mu kuwa har yanzu da suna muke yanke hukunci. Alhali muna da kalmomin da ke shaida zurfin iliminmu na gini: tubali, azara, ramno, makuba, katsi, daɓe, indararo, zanko. Na tambayi ɗalibaina na aji uku ma'anar makuba, mutum biyu ne kawai suka sani. Idan kalma ta mutu, sanin da ke cikinta ma ya bi ta.

Shin zai yi a wajenmu?

Ba ina kira ne a tashi gobe a fara jera kara a Kano ba. Akwai dalilan taka-tsantsan. Na farko gara, wadda tamu ta fi ta Nebraska ƙarfi nesa ba kusa ba. Na biyu ruwan damina mai zuwa da iska yana dukan bango a kaikaice. Na uku, tattaka a wajenmu tana da masu ita, domin da rani dabbobi na dogaro da ita, kuma ba hikima ba ce a ƙara wa manomi da makiyayi wani abin jayayya. Na huɗu, injin matsewa ba ko'ina ake samunsa ba. Na biyar, bango komai kyansa ba zai hana zafi ba in rufin kwano ne tsirara a sama, tunda ta can mafi yawan zafin ke sauka.

Amma duk wanda ya bi ta Kura da Kadawa, ko fadamun Haɗeja da na Kebbi bayan girbin shinkafa, ya san akwai wuraren da tattaka ke yin yawa har a cinna mata wuta don a share gona. Me zai hana sassan nazarin gine-gine na jami'o'inmu, tare da Cibiyar Binciken Gine-gine da Hanyoyi ta Ƙasa wadda aka kafa tun 1978, su gina ɗakuna uku a jere, na bulo, na tubali da na kara, su auna zafinsu da damshinsu na shekara uku, su buga sakamakon da Hausa yadda magini zai karanta? Wataƙila a gano kara ya fi dacewa da silin fiye da bango. Wataƙila a gano tubalinmu ya wadatar, gyaran rufi da harsashi kawai yake so. Ko me aka gano, ya fi zato. Ba mu rasa abin koyi a kusa ba: masallacin ƙasa na Yaama a Jamhuriyar Nijar ya ci lambar Aga Khan ta gine-gine a 1986, Francis Kéré na Burkina Faso kuma, wanda ya fara da makarantar bulon ƙasa a ƙauyensu Gando, ya karɓi lambar Pritzker a 2022.

Maganar Inna

Yanzu bari in ba da amsar da na kasa ba wa uwargidan. Gidan mahaifina ba ya nan, kuma ni na rushe shi. Da na fara samun albashin kirki, abin da na fara yi don in faranta wa mahaifiyata shi ne na sa aka baje ɗakunan ƙasa, aka tayar da na bulo da rufin kwano. Mutanen gari suka yi ta sa mini albarka. Ɗaki ɗaya kawai ya tsira, tsohon soron kakata, shi ma don kuɗi sun ƙare ne.

A bazarar da ta wuce na je gida da tsakar rana, na duba sabon ɗakin ban gan ta ba. Can na same ta a tsohon soron, ta shimfiɗa tabarma tsakanin tukwane da buhunan gero. Na ce, "Inna, me kike yi a nan, ga ɗakinki can da fanka?" Ta ce, "Ɗan nan, Allah Ya yi maka albarka, ka yi mini ɗakin nuna wa baƙi. Amma fankar nan sai da wuta, wutar kuwa ka san halinta. Wancan da rana tanderu ne, da dare ma bai huce ba. Nan ne ɗakin kwana." Ba ta faɗa da zafi ba, har da murmushinta, amma na ji maganar har ƙashina. Na tsallaka teku na je na yi sha'awar kaurin bango a gidan Bature, alhali da kuɗina na biya aka rushe irinsa a gidanmu.

Kafin damina ta faɗi na nemo wani tsohon magini, ɗaya daga cikin biyu da suka rage a garin, muka gyara indararo, muka ɗaga gindin bangon, muka sake yaɓe soron. Na sa 'ya'yana maza biyu suka cire takalma suka shiga kwaɓi, kuma duk abin da tsohon ya ambata da suna na sa su rubuta.

Allah Ya ba mu ikon gane abin da ke da amfani a namu da na wasu, Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa mu dace. Amin.